Ina Za A Kai Maraya: Gaban Uwa, Hannun Dangi, Makarantar Kwana Ko Gidan Marayu?

Ranar sadakar arba'in ɗin yayana, bayan jama'a sun watse an naɗe tabarmi, muka koma zauren Baffa aka turo ƙofa. Mamacin ya bar 'ya'ya huɗu. Babbar tana aji biyu na ƙaramar sakandare, mai bi mata yana da shekara 11, sai ɗan shekara 6, sai 'yar auta da ko yaye ba a yi ba. Uwarsu tana ɗaki tana takaba. Baffa ya gyara zama ya ce, "To, kowa ya ɗauki ɗaya, a rage wa baiwar Allah nauyi." Wani ƙanenmu mai aiki a birni ya ce ya san wani gidan marayu mai kyau, da makaranta a ciki, abinci sau uku, ba ruwan kowa da ɗawainiya. Kawu ya ce shi dai a ba shi babban namijin ya kai shi gabas wajen alaramman da ya karantar da shi. Ana cikin haka Gwaggo ta leƙo daga ƙofar cikin gida, buta a hannu, ta ce, "Yaya, ku kuwa an tambayi mai 'ya'yan?" Zauren ya yi tsit.

Tun daga ranar nake bibiyar wannan magana, na shiga gidajen marayu, na zauna da masu riƙo da waɗanda aka riƙa. Abin da na lura shi ne, a irin wannan zama ana cakuɗa tambayoyi biyu da ya kamata a raba. Ta farko, wa zai riƙe yaron, wato wa zai farka in ya yi kuka da dare, wa zai lura in ya rame. Ta biyu, ina zai yi karatu. Mutum yakan ga gini mai fenti da gadaje a jere da ajujuwa, sai amsar ta biyu ta rufe masa ido daga ta farko. Alhali ta farkon ita ce mai wuyar gyarawa in an kuskure. Ana iya sauya wa yaro makaranta a zango mai zuwa, amma shekarun da ya yi ba shi da wanda zai kira nasa ba sa dawowa.

Tambayar Gwaggo ba ta tausayin mata ba ce kawai, ita ce fiƙihun da muke bi. A mazhabar Malikiyya, haƙƙin raino na uwa ne. In ta rasu ko ta rasa haƙƙin, sai kakarsa ta wajen uwa, sai 'yar'uwar uwa, kafin a gangaro kan dangin uba. Namiji yana hannun mai raino har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Dukiyar maraya kuwa, in uba bai bar wasiyyi ba, alƙali ne yake da ikon naɗa mai kula da ita, zama baffa ko wa ba ya ba mutum wannan iko kai tsaye. Mu mun saba da akasin haka: uba ya rasu, dangin uba su ɗauka 'ya'ya nasu ne, su raba kamar ana rabon kayan ɗaki.

Saboda haka zaɓi na farko, wanda kuma ya fi kowanne sauƙin kuɗi, shi ne a bar yara gaban uwarsu a ɗauke mata nauyi. Yaron da ya rasa uba ya riga ya yi rashi ɗaya. In aka ɗauke shi daga uwa, ya rasa na biyu. In aka raba shi da 'yan'uwansa, na uku ke nan, a cikin kwana arba'in. A gaban uwa yana kwana a ɗakin da ya sani, yana zuwa makarantar da ya sani, abokan wasansa ba su canza ba.

Amma kada a yi wa wannan zaɓi kwalliyar da ba ya da ita. Alkawarin da ake yi a zaman makoki yana da gajeren rai. Azumin farko buhunan shinkafa da gero suna shigowa, na biyu su ragu, na uku sai gaisuwa ta waya. Daga nan uwa ta ɗora wa babbar talla, ko ta tura ta aikatau, namijin ya bi masu gyaran babur ya daina zuwa aji. In ta yi aure kuma, a Malikiyya auren wanda ba muharramin yaron ba yana iya zubar mata da haƙƙin raino, in ma an bar mata su sai su zama agola a gidan wani, kuma kowa ya san yadda ake kallon agola a gida mai 'yan ubanci. Maganin wannan ba wa'azi ba ne, tsari ne. Kada a ce "za mu riƙa taimakawa". A ce wane shi ne mai kuɗin makaranta, kuma makarantar zai kai wa kai tsaye ya karɓi rasit. Wane shi ne mai hatsi. Wance ita ce mai asibiti da magani. A ba uwar jari na sana'ar da ta riga ta iya, ba wadda aka zaɓa mata ba. In akwai rajistar mabukata a hukumar zakka, irin Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano ko ta Zakka da Waƙafi ta Sakkwato, a je a yi. A nan akwai abin lura: cikin kashi takwas na masu cin zakka da aka ambata a Suratut Tauba babu maraya da sunansa, yana shiga ne ta ƙofar talauci. Maraya mai gadon gidaje ba zakka yake bukata ba, amintaccen mai tsare masa dukiya yake bukata.

In babu uwa, ko tana nan amma ba ta da lafiyar riƙo, sai a koma ga dangi. Riƙo tsohon abu ne a ƙasar Hausa, tun kafin a san wani gidan marayu. Ana ba gwaggon da ba ta haihu ba 'ya, ana kai wa kaka jika ya ɗebe mata kewa, kuma da yawa daga cikin manyanmu a hannun wani suka tashi ba a hannun mahaifa ba. Abin da riƙo yake ba yaro wanda babu wata hukuma da za ta ba shi shi ne asali: ya san kakanninsa, ya san garinsu, ranar aure akwai wanda zai tsaya masa, ranar rigima akwai wanda zai ce namu ne.

Matsalar ita ce wanda yake amsa "na ɗauka" a zaure ba shi ne mai riƙon ba. Matarsa ce. Ita za ta yi wanka da wanki, ita za ta raba tuwo, ita za ta yini da yaron yayin da maigida yake kasuwa. In ba a nemi yardarta ba, an kai yaron ne wurin da aka ɗora shi dole, kuma sai ya ji a jikinsa. Ban ce matan mutane mugaye ba ne. Mace mai 'ya'ya shida a ɗaki biyu, aka ƙara mata na bakwai ba tare da an ƙara cefane ba, ko waliyyiya ce sai ta gaji. Wanda yake so ya san ko riƙo na gaskiya ne ko riƙon sakainar kashi, ba sai ya tambayi yaron ba, don ba zai faɗa ba. Ya je ba tare da sanarwa ba, da safe ranar makaranta. Ya ga wa ya tafi, wa aka bari yana wanke-wanke. Ya dubi ko makaranta ɗaya ake kai shi da 'ya'yan gida. Ya dubi takalmi. Ya dubi kayan sallah. Kuma ya tambayi inda gadon yaron yake, a rubuce, domin aya ta 10 ta Suratun Nisa'i da ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikkunansu, kowa ya haddace ta, amma gonakin marayu ba su daina narkewa da sunan "ai da su ake ciyar da su" ba.

Yanzu gidan marayu, wanda a kansa ne aka fi samun saɓani.

Na taɓa raka wata ƙungiya kai kayan azumi wani gida, ba zan faɗi ko wanne ba ne. Wurin a share yake, gadaje da gidan sauro, ɗakin ajiya cike da katan-katan na taliya da madara. Muna shiga ɗakin ƙanana sai wani yaro da bai wuce shekara biyu ba ya taho da gudu ya rungume ƙafata, ya ɗaga hannu in ɗauke shi. Na ɗauka. Wasu uku suka yo kaina. Matan da muka je da su suna ta cewa, "Allah sarki, ba su da ƙiwa." Da za mu tafi na sauke shi, bai yi kuka ba, ya juya ya nufi mutumin da ke bayana. Mai raino ɗaya ce a ɗakin, da yara sun fi goma, kuma ta gaya mini ƙarfe biyu za ta tashi wata ta karɓe ta. Na daɗe ina ɗaukar wannan rashin ƙiwa a matsayin abin yabo, sai daga baya na gane alamar ciwo ce. Ƙiwa tana nufin yaro yana da wani mutum guda da ya fi kowa a wurinsa. Wanda kowa ɗaya ne a wurinsa, bai samu wannan mutumin ba.

An yi bincike mai zurfi a kan wannan, kuma ƙasar Romaniya ce ta zama darasin duniya. A 1966 gwamnatin shugaban ƙasar, Ceaușescu, ta hana zubar da ciki ta matsa wa mutane su yi ta haihuwa, talauci ya sa iyaye suka riƙa miƙa wa gwamnati 'ya'ya. Da mulkinsa ya faɗi a 1989, aka tarar da yara sama da 100,000 a gidajen gwamnati. Daga wajen 2000 wasu masana daga Amurka suka bi yara 136 na gidajen birnin Bukares, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, rabi suka zauna inda suke, aka yi ta auna su shekara da shekaru. Waɗanda aka kai cikin iyali sun fi ci gaba wajen magana, kaifin fahimta da shaƙuwa da mutane, kuma waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu su suka fi amfana. Irin wannan sakamako ne ya sa ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan renon yaran da ba sa hannun iyaye suka ce yaro ƙarami, musamman ɗan ƙasa da shekara 3, a cikin iyali ya kamata a rene shi. Ruwanda, wadda kisan ƙare dangi na 1994 ya bar mata marayu masu ɗimbin yawa, ta fara shirin rufe gidajen marayu da mayar da yara cikin iyalai a 2012.

Sai dai adalci shi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. A 2009 masu bincike daga Jami'ar Duke suka fitar da nazari kan yara kusan 3,000 masu shekara 6 zuwa 12 a Kambodiya, Indiya, Habasha, Kenya da Tanzaniya. Sun kwatanta marayun gidajen marayu da marayun da ke hannun dangi, suka ga na gidajen ba su gaza ba wajen lafiya da karatu, a wasu ma'aunan ma sun ɗan fi. Wannan bai ba ni mamaki ba. Yaro ɗan shekara 9 da yake kwana da yunwa a gidan baffansa, ana dukansa, ba ya zuwa makaranta, in aka kai shi wurin da zai ci ya ƙoshi ya shiga aji, ai gaba ya ci. Abin da nake ɗauka daga binciken biyu shi ne shekarun yaro su ne alƙali. Jariri mutum yake bukata fiye da komai. Babban yaro yana iya jure zaman taro in wurin na kirki ne, musamman in abin da ya baro ya fi muni.

Su kansu gidajen ba iri ɗaya ba ne. Akwai na gwamnati, kamar gidan yara na Nasarawa a Kano da ke ƙarƙashin ma'aikatar mata, inda ake kai tsintattun jarirai da yaran da suka ɓata. Ƙarfin irin waɗannan shi ne doka tana bayansu kuma ba sa rufewa don mai su ya mutu. Rauninsu shi ne ma'aikata na aikin karɓa-karɓa ne, ana yi musu canjin wurin aiki, kuma abin da ake kashewa yana bin kasafin gwamnati. Akwai na ƙungiyoyin addini da na ɗaiɗaikun mutane, waɗanda a cikinsu ake samun mafi kyau da mafi muni, domin komai ya rataya ga mutum ɗaya. Sai tsarin ƙauyukan yara na SOS, wanda aka fara a garin Imst na ƙasar Ostiriya a 1949 bayan yaƙin duniya na biyu. Su suna raba yara gida-gida, kowane gida da uwa guda da take zaune da su dare da rana, kuma ba sa raba 'yan ciki ɗaya. Sun buɗe a Isolo ta Legas a 1973, suna da wasu a Gwagwalada da Jos, a Nijar kuma suna Yamai, Tawa da Doso. Wannan tsari ya fi kusa da gida, amma yana da tsada, gurabensa kaɗan ne, kuma ita kanta ƙungiyar ta fito a 2021 ta nemi afuwa kan cin zarafin yara da aka samu a wasu rassanta a duniya. Na kawo wannan ne don kada suna ya sa mutum ya daina sa ido.

Wani abu da masu ba da sadaka ba sa son ji: ƙungiyar Save the Children ta ruwaito a 2009 cewa aƙalla huɗu cikin kowane yara biyar da ke gidajen marayu a duniya suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kai su, ba mutuwa ba. Duk inda aka gina gado aka ce akwai abinci da makaranta kyauta, za a samu mai kawo yaro ya ce maraya ne. Attajirin da yake tunanin gina gidan marayu don neman lada, kuɗin bulo da rufi da albashin mai gadi za su riƙe zawarawa masu marayu da yawa a ɗakunansu. Sai dai gini ana ganinsa, ana yanka masa kirtani, ana rubuta suna a ƙofa, ita kuwa bazawarar da aka saya wa injin markaɗe ba mai ɗaukar hotonta. Misalin da nake so shi ne na Barista Zannah Mustapha a Maiduguri. A 2007 ya buɗe makarantar Future Prowess da yara 36, karatu da abinci da kayan makaranta da magani kyauta, ya kuma haɗa da tallafa wa iyayensu mata. Da rikicin Boko Haram ya yi tsanani ya karɓi 'ya'yan waɗanda aka kashe daga kowane ɓangare, na jami'an tsaro da na 'yan ƙungiyar, a aji ɗaya. A 2017 Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Da makaranta ya fara, wato ya amsa tambaya ta biyu ba tare da ya ƙwace ta farko daga hannun iyaye mata ba.

Akwai yaron da duk wannan lissafi bai shafe shi ba, shi ne tsintacce, wanda aka samu a kwali a bakin masallaci ko a kango, ba uwa ba dangi. Shi ne gidan marayu ya zama masa dole, aƙalla na ɗan lokaci. Malaman fiƙihu sun yi masa babi na musamman: ɗaukarsa farilla ce a kan al'umma, in wani ya yi ta faɗi a kan saura, ɗa ne ba bawan kowa ba, ciyar da shi kuma in ba shi da komai yana kan baitulmali. Wanda ya tsinci jariri kada ya wuce da shi gida ya yi shiru, ko da niyyarsa kyakkyawa ce. A sanar da mai unguwa da 'yan sanda, a kai shi asibiti, sannan ofishin jin daɗin jama'a, in kuma mutum yana son riƙonsa ya nema ta kotu a ba shi takarda. Takardar ita ce kariyarsa ranar da wani zai zo ya ce an sace masa ɗa, kuma da ita za a samo wa yaron shaidar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya.

Da yawa suna gudun riƙon tsintacce saboda sun ji Musulunci ya hana mayar da ɗan wani naka. Abin da aka hana shi ne canza masa nasaba, kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ahzabi ta ce a kira su da sunan ubanninsu, kuma a kan Zaidu bin Harisa aka san wannan hukunci. Riƙo kuwa, wanda Larabawa suke kira kafala, shi ne aka yi wa alkawarin maƙwabtaka da Annabi (SAW) a Aljanna cikin hadisin da Bukhari ya ruwaito. Har yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta duniya ta 1989 ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20. Sauran matsalolin duk suna da mafita. Ba zai ci gado ba, amma ana iya yi masa kyauta tun ana raye, ko wasiyya har zuwa sulusin dukiya. Maganar muharramaka kuma, in matar gida ko 'yar'uwarta ta shayar da shi cikin shekara biyun farko, ya zama ɗan shayarwa. Ranar auren mace, alƙali waliyyin wadda ba ta da waliyyi ne. Saboda haka iyalin da suke da hali da niyya su je da wuri, tun jaririn yana ɗan watanni, don kowane wata da ya ƙara a ɗakin taro yana rage masa wani abu. Waɗanda sukan daɗe a irin gidajen nan su ne masu larurar jiki ko ta ƙwaƙwalwa da waɗanda suka riga suka girma, kuma don su ne ya kamata a kashe kuɗin gyara gidajen.

Maganar karatu ta fi sauƙi in an warware ta riƙo. Yaron firamare, makarantar jeka-ka-dawo da islamiyyar unguwa sun ishe shi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, ko da yake duk mai ɗa ya san littafi da kayan makaranta da ƙananan kuɗaɗen da ake karɓa ba kyauta ba ne. Makarantar kwana kuwa, ga wanda ya kai sakandare, wani lokacin ita ce mafita mafi kyau ga ɗan riƙo. Tana raba shi da aikin gida mai hana karatu, tana rage gogayya da matar gida, tana sa shi cikin sa'o'insa inda kowa kaya iri ɗaya yake sawa ba a gane maraya. Bambancinta da gidan marayu shi ne hutu: yana da inda zai koma. Sharaɗinta kuma ranar ziyara. Wanda ya yi makarantar kwana ya san yadda ake tsayawa a bakin ƙofa ana leƙen hanya, ana kiran sunan wasu ɗaya bayan ɗaya, kwanukan abinci suna wucewa. In ba a samu wanda zai ɗauki alkawarin zuwa da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sabulu ba, an jefar da yaron ne da sunan karatu. Sai kuma tsaro, wanda yanzu ba a kauda kai daga gare shi: Cibok a 2014, Dapci a 2018, Ƙanƙara a 2020, Kagara da Jangebe a 2021, inda aka sace ɗalibai, duk makarantun kwana ne. A dubi inda makarantar take, a cikin gari ko a bakin daji, kafin a dubi sakamakon jarrabawarta.

Shawarar Kawu ta tsangaya ita ce na fi jin nauyin musawa, don shi da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma tsangaya ta fitar da mahaddatan da muke alfahari da su. Amma kolon da yake da uba, uban yakan leƙo, yakan aiko da hatsi, alaramma ya san akwai mai tambaya. Maraya ba shi da wannan. Shi ne zai fi daɗewa a bara, shi ne ba a nema in ya ɓata. In ana son ya haddace Alƙur'ani, a sa shi a tsangayar garinsu ya riƙa kwana a gida, ko makarantar haddar da take ciyarwa kuma take barin a ziyarta. Duk wurin da aka ce ba a ganin yaro sai da izini na musamman, a guje shi. Abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, mutum sama da 300 a kulle, wasu da mari a ƙafa, iyaye da dangi ne suka kai da yawansu da hannunsu, suna zaton tarbiyya ake yi.

In dai ya zama dole sai gidan marayu, a je sau biyu, ɗaya da sanarwa ɗaya babu. A nemi ganin takardar rajista da gwamnatin jiha. A tambayi yara nawa ne a hannun mai raino ɗaya da dare, ba da rana ba, kuma shekara nawa ta yi a wurin. A ga ko yaran suna fita makarantar gari su cuɗanya da sauran yara, ko komai a cikin katanga ake yi. A ga ko kowane yaro yana da fayil da sunansa da inda aka samo shi da shaidar haihuwa, don ba tare da ita ba lambar zama ɗan ƙasa za ta yi wuya, kuma tun 2021 ba a rajistar JAMB, jarrabawar shiga jami'a, sai da wannan lamba. A tabbatar ana renon yaro a kan addinin iyayensa. Sannan a yi tambayar da masu gidajen ba su cika son ta ba: wanda ya kai shekara 18, ina yake zuwa? A ce a nuna maka mutum biyu da suka fita, ka ji inda suke kwana yanzu, wa ya nema musu shaidar ƙaramar hukuma, wa ya je musu neman aure.

Mu dai a zauren Baffa ba mu gama a ranar ba. Aka bari sai da uwar yaran ta fita takaba, Gwaggo ta shiga ta tambaye ta, ta ce a bar mata 'ya'yanta. Aka bar mata su. Babbar, da ta gama ƙaramar sakandare, ita da kanta ta nemi makarantar kwana, aka samu ta cikin gari, ziyara kuma ta faɗo kaina. Kawu ya yi fushi na wata biyu, daga baya shi ya samo wa namijin malamin hadda a bayan layinsu. Gonar mamacin aka je gaban alƙali aka rubuta, aka ba wani maƙwabci haya, kuɗin suna shiga wani littafi mai bangon shuɗi da yake hannun Gwaggo, ita da ba ta iya boko ba, jikanta ne yake rubuta mata. Daga cikin mu biyar da muka ɗauki alkawari, biyu sun riga sun yi sanyi. Bara uwar ta samu mai nema, kuma har yanzu ba mu zauna a kan inda 'yar autar za ta koma ba in an ɗaura.